Darasi a Kan Gangar Lantarki da Koyon Kiɗa a Gida

Darasinmu na wannan wata a kan kiɗa ne, amma ba kiɗan ran Lahadi ba. Muna so mu yi magana a kan kiɗan sauran kwana shida, watau wanda yaro ya ke yi domin ya koya. A yawancin ekklisiyoyinmu na birni, har da na ƙauyuka da dama, akwai jerin gangunan nan na Turawa waɗanda samari su ke kira jaz. Mutum ɗaya ne ya ke zama a bayansu, yana kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu. Idan ya iya, jama'a duka ta kan raira waƙa da murya ɗaya, ba wanda zai ma tuna da shi. Idan bai iya ba, sai ka ga waƙa ta fara da tafiya ta ƙare da gudu, tsofaffi sun rufe littafi sun yi shiru, ƙungiyar mawaƙa tana ta waiwayen baya.

Kafin mu ga laifin yaron, bari mu tambayi kanmu, ina ya koya? Majami'a a kulle ta ke yawancin mako, mabuɗi kuwa yana hannun dattijo, wanda ya ke da gaskiyarsa idan ya hana, gama fatar ganga ba ta da araha. Ran da mawaƙa su ke gwaji, samari uku ko huɗu ne su ke jiran kujera ɗaya. Wanda ya sami minti 20 a mako ya yi sa'a. Ba a taɓa yin maƙeri da minti 20 a mako ba, ko tela, ko direba.

Littafi Mai-tsarki bai ɗauki kiɗan sujada abin wasa ba. A cikin I Labarbaru sura 25 an ƙidaya mawaƙan da aka horar domin hidimar gidan Allah a zamanin Dauda, su 288, aka raba su kashi 24, malami da almajiri tare. Sura 15 ta nuna an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa saboda gwanintarsa, Heman da Asaf da Etan kuwa su ne masu-buga kuge na tagulla. Horo ne ya kai su can. Amma har wa yau Misalai 27:14 ya yi mana kashedi a kan damun maƙwabci da sassafe, ya nuna ko da fatan alheri ne aka yi shi da ihu a lokacin da bai dace ba, mai-ji ba zai karɓe shi da sunan alheri ba. To, idan fatan alheri ya kan lalace haka, ina ga ganga? Abu biyu ke nan a wuyanmu: mu kaɗa da gwaninta, mu kuma zauna lafiya da na kusa da mu. A gidan haya, inda ɗaki ya ke manne da ɗaki, haɗa biyun nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ku tuna da waɗanda su ke bayan bangon. Akwai mai-jego da ta sha wuya kafin jaririnta ya yi barci. Akwai ma'aikaciyar asibiti da ta kwana a tsaye. Akwai ɗalibi mai-shirin jarrabawa, akwai kuma maƙwabcinmu Musulmi da ya ke salla. Da yawa cikinsu ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azinmu ba. Abin da suka sani game da masu-bi shi ne abin da ya ke ratso bango ya same su.

Masana suna da ma'aunin ƙarfin ƙara, sunansa desibel. Hirar mutum biyu wajen desibel 60 ce. Jerin ganguna idan an kaɗa shi da ƙarfi ya kan wuce 100. Kada wani ya ce, ai bai ko ninka biyu ba. Ma'aunin ba haka ya ke tafiya ba: duk ƙarin 10, ƙarfin ƙarar ya ninka sau 10, domin wannan daga 60 zuwa 100 ninki 10,000 ne. Bulo da rufin kwano ba su iya tare irin wannan, balle rugugin babbar gangar ƙafa, wanda ya ke bin bango da daɓe kamar ruwa.

Yadda Gangar Lantarki Ta Ke Aiki

Gangar lantarki ba ta da fata, ba ta da ciki. Irin ta masu-koyo, wadda mu ke magana a kanta, ta kan zo da firam na bututun ƙarfe. A jikinsa an ɗaura faifai huɗu a madadin ganguna, da faifai uku a madadin farantan tagulla, a ƙasa kuma feda biyu, ɗaya ta babbar ganga, ɗaya ta farantan nan biyu masu-haɗa baki. Ƙarƙashin kowane faifai akwai wani ɗan ƙarfe zagayayye kamar tsohon kwabo, an manna masa wani irin tangaran. Halinsa shi ne, idan an girgiza shi ko an matsa shi, sai ya fid da 'yar wutar lantarki. Bugu mai-ƙarfi, wuta da yawa; bugu a hankali, wuta kaɗan. Waɗansu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jak da Piyer Kuri, su ne suka gano wannan hali a cikin waɗansu duwatsu a shekarar 1880. Matanmu masu-dafuwa da gas suna aiki da shi kullum: laitar da a ke latsawa ta yi ƙas ta fid da tartsatsi ba tare da batir ba, hikimar nan ce a cikinta.

Wutar sai ta bi waya zuwa wani ƙaramin akwati, wanda za mu kira ƙwaƙwalwar gangar. A cikinsa an ajiye muryoyin ganguna na gaske, waɗanda aka ɗauka tun kafin a sayar. Akwatin ya duba wane faifai aka buga, da kuma ƙarfin bugun, ya zaɓi muryar da ta dace, ya aika da ita zuwa hedifon, watau abin nan da a ke rufe kunnuwa da shi. Kafin sanda ta tashi daga faifan an gama wannan duka. Mai-kiɗa yana ji kamar yana cikin babban zaure, wanda ya ke tsakar gida kuwa ƙwas-ƙwas kaɗai ya ke ji.

Abin ba sabo ba ne. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fid da wata mai-faifai masu-kusurwa shida, ta yi suna ƙwarai, amma fuskarta tana da tauri har makaɗa suka riƙa kukan ciwon wuyan hannu. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya kawo faifai mai-fuskar raga, saƙar zaren roba mai-ƙarfi, wadda a ke ɗaurewa a sassauta da ɗan mabuɗi kamar fatar jaz. Iska tana wucewa ta ramukan ragar, shi ya sa ba ta yin amo. Shekaru da yawa sai mai-kuɗi ke samun ta raga. Daga wajen 2018, sa'anda kamfanin Alesis ya fid da wadda ya kira Nitro Mesh, raga ta sauko har ga masu-araha. Har yanzu akwai masu-fuskar roba a kasuwa. Shawararmu ita ce, idan hali ya yi, a zaɓi mai-raga, ko da a faifan tsakiya kaɗai, wanda ya fi shan bugu. Ta fi shiru, ta kuma fi sauƙi ga hannu.

Shirun Nan Ba Shiru Ba Ne Sarai

Masu-talla su kan ce ba ta da ƙara. Wannan ba daidai ba ne. Sanda itace ce, idan ta sauka a kan roba lalle a ji ta, kamar a ce yaro yana dukan bangon littafi. Faifan da su ke madadin faranti roba ne ko a cikin mai-raga, su ne kuma suka fi surutu. Da rana, cikin hayaniyar gida, ba wanda zai kula. Da ƙarfe 11 na dare, sa'anda janareton unguwa suka mutu, ƙwas-ƙwas ɗin nan ya isa ya hana na ɗakin kusa barci.

Babbar matsala kuwa a ƙafa ta ke. Duk sa'anda aka taka feda, nauyin ƙafar yana shiga daɓe. Wanda ya ke ɗakin ƙasa mai-daɓen siminti ba shi da damuwa sosai, darduma mai-kauri ta ishe shi, ita ce kuma za ta hana fedar gudu gaba. Amma wanda ya ke kan bene, na ƙasa da shi za su ji kamar ana daka a kansu, shi kuwa yana can cikin hedifon bai sani ba. Makaɗa a ƙasashen da a ke zaman bene sun samo dabara mai-araha. A sami falankin katako biyu masu-faɗi, a huda musu ramuka da ba su kai girman ƙwallon tanis ba, a jera ƙwallayen a tsakaninsu, a ɗaure falankan da igiya, a shimfiɗa darduma a sama, a ɗora gangar. Ƙwallayen su ne za su sha girgizar. Kowane kafinta zai iya yin wannan cikin yini ɗaya. Akwai kuma irin da fedarta ba ta da gula ko kaɗan, takawa kawai a ke yi. Ta fi shiru, amma ba ta koya wa ƙafa nauyin feda ta gaske.

Kada mutum ya zama alƙalin kansa a nan. Ka sa ƙanenka ya zauna ya yi ta bugu, kai ka yi sallama a ɗakin maƙwabci, ka nemi izini ka tsaya ka saurara. Sa'an nan ku shirya lokaci tare. Sau da yawa tsakanin la'asar da magariba ba mai-damuwa. Tambayar nan kanta ta kan kashe rabin faɗan tun bai tashi ba.

Muna kuma gargaɗi a kan wata jaraba da muka sani za ta zo. Bayan wata ɗaya yaro zai gaji da jin kansa shi kaɗai, sai ya aro lasifika ya jona, domin abokai su ji. Ran da aka yi haka, dalilin sayen gangar ya ƙare.

Kunnen Mai-kiɗa

Ƙarar da muka raba maƙwabci da ita ba ta ɓace ba, ta koma cikin kunnen yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna babban mutum zai iya jin desibel 80 har awa 40 a mako ba cuta, yaro kuwa a tsaya a 75. Idan ta kai 90, awa 4 ne a mako. Idan ta kai 100, wajen minti 20 ne a mako duka. Can cikin kunne akwai waɗansu ƙwayoyi masu-siririn gashi waɗanda su ke karɓar sauti. Idan ƙara ta kashe su ba su sake tsirowa, ba kuwa magani ko allura da za ta komo da su. Cutar ba ta zuwa da zafi, a hankali ta ke ci, sai mutum ya kai shekara 40 ya ga yana ta cewa, me ka ce?

Alamar da kowa zai gane ita ce wannan: idan an cire hedifon, kunne yana ta ƙugi, ko maganar mutane ta zama kamar daga cikin tulu, an wuce iyaka. A nemi hedifon mai-rufe kunne duka, gama yana tare ƙarar sanduna, mutum ba zai bukaci ƙara murya domin ya danne ta ba. A nemi mai-waya kuma. Marar-waya ya kan yi ɗan jinkiri, sai a buga yanzu a ji daga baya, wannan kuwa yana ɓata hannun mai-koyo. Lasifikokin majami'unmu ma suna da nasu alhaki a kan kunnuwan jama'a, musamman jariran da a ke goye da su a layin gaba, amma wannan darasin wata rana ne.

Yadda Za A Yi Koyo

A ganinmu abu mafi daraja a cikin akwatin nan ba muryoyin ganguna ba ne. Wani ɗan agogo ne mai-yin ƙas, ƙas, ƙas, ba ya sauri, ba ya nawa. Turawa suna ce da shi metronom. Wani Bajamushe, Melzel, shi ya yi masa rajista a 1815. Mu za mu kira shi agogon kiɗa. Idan an sa shi a 60, bugu ɗaya ke nan kowace daƙiƙa. Daga nan ya kamata a fara. Samari ba su son wannan, gama suna tsammani sauri shi ne gwaninta. Bari su gwada. Kiɗa a hankali ya fi wuya nesa, domin tsakanin bugu da bugu akwai fili mai-faɗi, dukan gaggawar da ta ke zuciyar mutum a nan ta ke tonuwa. Waƙoƙin da mu ke rairawa a Jibin Ubangiji da wurin jana'iza a hankali su ke tafiya, a nan ne kuma mai-kiɗa marar-horo ya fi ba da kunya.

Malaman ganga a Amurka sun tsara darussan hannu guda 26 a 1933, aka ƙara su zuwa 40 a 1984. Mai-koyo ba ya bukatar 40 tukuna. Uku sun ishe shi watanni. Na fari, dama, hagu, dama, hagu, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa, har wanda ya rufe ido ya kasa gane wane hannu ne. Na biyu, dama, dama, hagu, hagu. Na uku ya haɗa su: dama, hagu, dama, dama, sa'an nan hagu, dama, hagu, hagu. A yi su tare da agogon, kada a ƙara sauri sai an yi minti 2 ba tuntuɓe, in za a ƙara kuwa a ƙara 4 ko 5 kaɗai. Kada a damƙe sanda kamar fartanya. A riƙe ta tsakanin babban yatsa da manuni, sauran yatsu su tallafa, a bar ta ta yi tsalle da kanta.

Ga wani gwaji da ya kan sauke girman kai. Ana cikin kiɗa tare da agogon, wani ya rage muryar agogon har ta ɓace, mai-kiɗa ya ci gaba, bayan ƙirga 16 a komo da ita. Da wuya mai-koyo ya sauka daidai; kusan kullum ya riga agogon. Haka kuma a wurin juyi, sa'anda a ke zagaya ganguna kafin a shiga korus, nan ne yawancin samarinmu su ke ƙara wuta ba su sani ba, baiti na fari a 80, na huɗu a 100. Yawancin akwatunan nan suna da maɓallin ɗaukar kiɗa. A ɗauka, a ajiye sanduna, a saurara. Na'urar ba ta jin nauyin kowa, ba ta san ɗan fasto ba, ba ta san ɗan dattijo ba.

Waƙoƙin da aka zuba a cikin akwatin domin a bi su da kiɗa na Turawa ne, ba su za a raira ran Lahadi ba. Amma akwai wata 'yar kafa da a ke jona wayar hannu. A ɗauki muryar mawaƙanmu ran gwaji, ko ta Zumuntar Mata da izininsu, a jona, a kaɗa tare da su. Wannan yana da muhimmanci, gama waƙoƙin Littafin Waƙoƙi da yawa ƙirga huɗu su ke bi, waɗansu ƙirga uku, alhali waƙoƙin iyayenmu mata da dama suna tafiya da ƙirga shida, tulu yana wani taki, caki yana wani, suna haɗuwa suna rabuwa. Yaron da ya koyi ƙirga huɗu kaɗai, idan mata suka tashi waƙa sai ya tilasta musu takinsa, ya kashe daɗin abin.

Rabin awa kowace rana ya fi awa 4 ran Asabar. Minti 10 na hannu kaɗai, minti 10 na hannu da ƙafa tare da agogo, minti 10 na waƙoƙin Lahadi mai-zuwa. A zaɓi murya ɗaya mai-kama da jaz na majami'a a zauna a kanta. Nitro Mesh ɗin da muka ambata tana da muryoyi 385, yaro kuwa zai iya cinye rabin awarsa yana latse-latse yana dariya, bai koyi kome ba.

Abin da Ba Za Ta Koya Maka Ba

A nan ne mu ke so iyaye da shugabannin mawaƙa su kasa kunne, gama mun ga samari da suka gwanance a ɗaki, suka zo majami'a suka rikice. Dalilan a fili su ke. Faifan masu-araha inci 8 ne, alhali gangar tsakiya ta jaz inci 14 ce, babba ta ƙafa kuwa inci 20 ko 22. Kome na lantarki a matse ya ke, hannu ya saba da gajeriyar tafiya. Raga kuma tana mayar da sanda fiye da fata, sai mutum ya ga yana da saurin da ba nasa ba ne.

Wanda ya fi wannan shi ne, gangar lantarki tana rufa asiri. Ko ka bugi tsakiya, ko ka bugi gefe, ko ka buga a karkace, muryar da aka ajiye mai-kyau ce za ta fito. Ganga ta gaske ba ta da wannan alheri, abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Sa'an nan a lantarki akwai maɓallin rage murya, mutum ya yi ta jibga da dukan ƙarfinsa, kunne ya ji daidai. A majami'a ba maɓalli, hannunka ne maɓallin. Farantan tagulla su ne suka fi nuna wannan. A cikin hedifon akwatin ya riga ya daidaita su da sauran ganguna; na gaske kuwa idan an buge su kamar yadda a ke bugun roba, sai su rufe muryar mutum 200. Domin wannan, a ajiye maɓallin murya wuri ɗaya kada a taɓa shi, a koyi yin ƙasa da sama da hannu. Dattawa kuma su ba mai-koyo ko awa ɗaya a mako a kan jaz na majami'a. Ta gida ba ta maye gurbin wannan awa ba, tana sa ta yi amfani ne.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka zurfi. Hedifon yana koya wa mutum jin kansa. Aikin mai-kiɗan ekklisiya kuwa jin waɗansu ne. Agogon kiɗa ba ya numfashi, jama'a tana numfashi. A ƙarshen baiti tsofaffi su kan ja kaɗan, mai-ba da waƙa ya kan tsaya ya maimaita layi, wani lokaci kuma abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaga sanduna gaba ɗaya a bar muryoyi su kaɗai. Wanda ya horu da agogo sosai shi ne ya ke da ikon sassautawa da gangan ya kuma komo daidai. Amma sanin lokacin da za a sassauta, a cikin jama'a a ke koyonsa. Kakanninmu makaɗa sun san haka. Ɗan makaɗi ya kan yi shekaru a bayan ubansa da ƙaramar ganga irin kurkutu, yana riƙe taki ɗaya, yana saurare, kafin a ba shi gaba.

Kada kuma sabon abu ya sa samarinmu su rena na gida. Kalangu ana matsa igiyoyinsa a hammata, muryarsa ta hau ta sauka bisa ga hawa da saukar maganar Hausa, har mai-ji ya gane kirarin da a ke yi. Faifan roba na masu-koyo ba ya iya wannan. A zamanin da, a wurare da yawa, mishan da dattawan fari sun hana ganga shiga sujada saboda tsoron bori da tsafi, an kuwa daɗe kafin ƙofar ta buɗe. Abin takaici ne a ce bayan ta buɗe mu da kanmu muka bar ganga da tulu da kalangu a hannun tsofaffi kaɗai.

Zancen Kuɗi da Saye

A 2023 irin ta masu-koyo daga sanannun kamfanoni tana tsakanin dala 300 da 600 a Amurka. A 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500, watau ta dala 400 ta kai naira 600,000 tun ba a sa kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. A shekarar 2024 ɗin ce aka mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000. Albashin wata 8 ke nan da ɗoriya. Ba mu ga dalilin da uba zai bar kuɗin makaranta ko na haya ya sayi wannan ba, kome kukan yaro. Yawancin akwatunan kuma ba kujera a ciki, ba hedifon, sai an saya dabam.

Mai-sayen ta hannu kada ya biya sai an kunna a gabansa. Ya bugi kowane faifai, a hankali da kuma da ƙarfi, ya ji ko muryar tana bin hannunsa. Ya lura ko bugun faifai ɗaya yana ta da muryar na kusa da shi. Ya taka fedar faranti a hankali ya ji ko tana buɗewa tana rufewa. Ya duba ragar ko ta fara yagewa, ya kuma tabbata damin wayoyin yana nan cikakke, gama a irin waɗannan duka wayoyin a baki ɗaya su ke haɗuwa, samun wani kuwa wahala ne.

A duba adafta da kyau. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Idan ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinta ba, sokawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. Idan ta ɓace kada a ɗauki kowace adafta domin bakinta ya shiga. Sai ƙarfinta da tsarin bakinta sun yi daidai da abin da aka zana a bayan akwatin, gama kamfanoni sun bambanta a nan. Wutar da ta ke ci kaɗan ce, ƙaramar sola mai-inbata ta ishe ta, amma idan Nepa ta ɗauke a zare waya, domin sa'anda ta komo da ƙarfi ne kaya su ke ƙonewa. A rufe ta da zane saboda ƙurar hunturu, kada a bar ta inda rana ta ke duka, a kuma ɗaga wayoyi daga ƙasa saboda ɓeraye. Idan faifan ƙafa na raga ne, a juya gular feda ta gefen roba mai-santsi, gama gefen ulu yana cinye raga.

Inda iyali ɗaya ba za su iya ba, ekklisiya za ta iya. A sayi ɗaya a ajiye a ƙaramin ɗaki na majami'a ko gidan wani dattijo amintacce, a rataye takardar lokaci a ƙofa, kowane mai-koyo rabin awa, 'yan mata ma a rubuta sunansu. Kafin a sa sunan yaro a takardar, ko uba ya fid da kuɗinsa, muna ba da shawara a gwada shi da abin da bai kai kuɗin kwanon masara ba. A sami guntun katako mai-kauri, faɗinsa kamar taki ɗaya, a je wurin mai-faci a karɓi tsohon tib na mota, a yanka shi biyu ko uku a manna a kan katakon da gam, a ɗora a kan matashi. Da wannan da sanduna biyu da agogon kiɗa na wayar hannu, wanda a ke samu kyauta, za a iya yin darussan hannun nan uku duka. A ba shi wata 3, sa'an nan shugaban mawaƙa ya sa agogo a 60 ya saurare shi.